Kada A Fizge Filashi Daga Kwamfuta

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da yawanku in kun gama kwafar karatu a filashi sai ku fizge shi kawai. To, ku saurara.

Idan aka soka filashi, kwamfuta ba ta karanta shi sai ta ɗaura shi a jikin tsarin fayilolinta. Windows harafi take ba shi, kamar E ko F. Linux kuwa folda take ware masa, galibi a ƙarƙashin /media. Umarnin ɗaurawa shi ne mount, na kwancewa umount, babu n bayan u.

Ga inda gizo ke saƙa. Sau da yawa kwamfuta takan nuna ta gama kwafa, alhali wani sashe yana ƙwaƙwalwarta bai sauka ba tukuna. Kwancewa ce ke tilasta mata ta ƙarasa. In kuka fizge kafin nan, fayil ya tafi guntu, wani lokaci ma jadawalin da ke nuna mazaunin kowane fayil ya lalace, filashin ya ƙi buɗuwa ɗungurungum.

In ta ƙi sakinsa, galibi wani fayil ne a buɗe, ku rufe shi ku sake gwadawa. Windows 10 ta rage wannan jinkiri tun siga ta 1809, amma ko a nan, muddin fitilar filashi na ƙyaftawa, ku dakata.