Idan Kwamfuta Ta Fara Tsallake Haruffa

Sifiri ɗaya tak, in ya ɓace, kan mai da N10,000 ta koma N1,000. Saboda haka mai karatu, kada ka yi sake da madannan kwamfutar tafi-da-gidanka masu tsallake haruffa.

Da farko ka jona wani allon madannai ta kafar USB. In ya rubuta daidai, galibi ƙurar hunturu ce ta shige ƙarƙashin madannan. Kashe na'urar ka hure ta. In kuwa shi ma ya tsallake, ka duba Filter Keys na Windows, wanda kan kunnu idan an danne Shift na dama daƙiƙa 8.

Amma fa in madannan sun taso sama, batir ne ya kumbura. Cire caji, ka garzaya wurin mai gyara, gama yana iya kamawa da wuta.