Yadda tsarin kujera da tebur ke shafar lafiyar ma'aikacin ofis

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a faɗin duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekara ta 2050. Babu wata larura da ta kai shi hana jama'a gudanar da harkokinsu na yau da kullum.

Da an ambaci ciwon baya, hankali yakan tafi kan manoma da 'yan dako da leburori. Sai dai ma'aikacin banki, da akawu, da ɗan jarida, da mai buga takardu a shagon kwamfuta, su ma ba su tsira ba, duk da cewa a zaune suke wuni.

Tsohuwar matsala

Wani likita ɗan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i a shekara ta 1700. A bugu na biyu na 1713 ya yi bayani kan marubuta da magatakarda, inda ya danganta wahalarsu da yawan zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya, da gajiyar ƙwaƙwalwa. Kwamfuta ta maye gurbin alƙalami, amma waɗannan dalilai uku suna nan.

Fannin ilimin da ke nazarin daidaita kayan aiki da jikin ma'aikaci shi ake kira agonomiks. Ƙa'idarsa ita ce a gyara wurin aiki ya dace da mutum, maimakon a bar mutum yana lanƙwasa jikinsa don ya dace da wurin.

Daga kujera ake farawa

Ƙasan bayan ɗan Adam yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki. Idan mutum ya zauna ya ranƙwafa, lanƙwasar takan miƙe, sai nauyi ya taru kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya da tsokokin da ke riƙe da su. Awa ɗaya a haka ba ta yin illa. Watanni da shekaru ne ke jawo matsala.

Masana sun ba da shawarar a zauna har ƙarshen kujera, baya ya jingina, tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, cinyoyi kuma su kasance a miƙe, gwiwa ba ta ɗara ƙugu tsawo ba. A bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa, domin kada a takura jijiyoyin jini.

Ba kowane ofis ne ke da kujerar da ake ɗagawa a sauke ba. A wurare da dama kujerar roba ce ko ta katako, kuma tebur ɗaya ne ga dogo da gajere. Nan ma akwai mafita: idan tebur ya yi tsawo, a ƙara matashi a kan kujera, sannan a sa ɗan katako ko rim ɗin takarda a ƙarƙashin ƙafa don kada ta riƙa lilo. Tawul da aka naɗe aka sa a ƙasan baya yana yin kusan aikin da kujera mai tsada ke yi.

Fuskar kwamfuta da wuya

Kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5. Muddin yana daidai saman kafaɗu, wuya na ɗauke da shi cikin sauƙi, amma da zarar an sunkuya, aikin tsokokin bayan wuya yakan ninku. Daga nan ne ake samun ciwon wuya, da nauyin kafaɗa, da ciwon kai mai tasowa daga ƙeya da yamma.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ba da shawarar a ajiye fuskar kwamfuta gaba da gaba da mai aiki, a nisan santimita 50 zuwa 100, samanta kuma ya yi daidai da ido ko ya ɗan gaza. Masu tabarau mai hawa biyu su ƙara sauke ta, don kada su riƙa ɗaga haɓa suna leƙe ta ƙasan gilashi.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce ta fi wuyar sha'ani, domin fuskarta da madannanta a haɗe suke: idan ido ya samu daidai, hannu ya takura. Mai wuni a kanta ya ɗora ta a kan littattafai, ya nemi madannai da linzami na daban.

Hannu da ido

Gwiwar hannu ta tsaya kusa da jiki, a buɗe tsakanin digiri 90 zuwa 120, kafaɗu a sake, wuyan hannu a miƙe ba tare da ya dogara da kaifin tebur ba. Linzami ya kasance dab da madannai. Maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana rubutu ɗabi'a ce da ya kamata a bari.

Akwai jijiyar da ke ratsa wata ƙaramar kafa a wuyan hannu. Idan ta matsu, babban yatsa da manuni da na tsakiya sukan yi dindiris ko su riƙa tsikari, musamman da dare. Ana yawan ɗora laifin kan madannai, amma ciwon suga, da juna biyu, da ƙiba su ma suna haddasa shi, don haka gyara tebur kaɗai ba lallai ya wadatar ba.

Mai kallon kwamfuta yakan rage ƙiftawa, sai ido ya bushe, abin da iskar fanka da hunturu ke ƙara tsanantawa. Likitocin ido kan ce duk bayan minti 20 a kalli wani abu mai nisan mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Taga kuma ta kasance a gefe, ba a gaba ko bayan mai aiki ba.

Alhakin wane ne?

Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida a 1990 da ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata duba wuraren aikin masu amfani da kwamfuta. Birtaniya ta mayar da ita doka a 1992, har da tanadin hutu da gwajin ido ga wanda ya nema. A Amurka an fitar da irin wannan ƙa'ida a ƙarshen 2000, amma majalisar dokoki ta soke ta a watan Maris na 2001, bayan 'yan kasuwa sun koka kan tsadar aiwatar da ita.

Hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce hutun minti 5 zuwa 10 a kowace awa ya fi dogon hutu bayan awa biyu amfani. Ko teburin da ake aiki a tsaye, wanda ake yayi yanzu, bai kawar da buƙatar motsi ba, domin doguwar tsayuwa na da tata illar ga ƙafafu.

Likitoci sun yi gargaɗin cewa ba kowane ciwon baya ne na zama ba. Idan ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko raunin ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, to asibiti za a nufa ba kemis ba, domin tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya.