Madarunfa: yadda ake raya kifin kiwo cikin hunturu idan wuta ta ɗauke

Duk wanda ya san Madarunfa ya san ta da tafkinta da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Tun 2006 Nijar ta gabatar da wurin ga hukumar UNESCO cikin jerin wuraren tarihi da take neman a amince da su. Daga wannan tafki, wanda Gulbin Gabi ke shayarwa, masunta ke fitar da tarwaɗa da karfasa zuwa kasuwannin Maraɗi. Amma kifin tafki ba ya isar buƙata, shi ya sa waɗansu ƴan kasuwa da ma'aikata suka gina kwarmin siminti a gida ko a garka suka shiga kiwo. To, kifin tafki Allah ke kiwonsa, na kwarmi kuwa rayuwarsa tana rataye da famfo da injin hura iska, su kuma da wutar Nijelek.

An ga haka zahiri a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a farkon Agusta, alhali kuwa wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can yake zuwa, jihar Maraɗi kuma ta layin Katsina zuwa Gazawa take samun rabonta. Ƙungiyar CEDEAO ba ta ɗage takunkumi ba sai 24 ga Fabrairun 2024, wutar ta dawo a watan Maris. Ke nan hunturun shekarar gaba ɗaya an yi shi ne da wutar karɓa-karɓa, ga iyaka a rufe, alhali ta can abincin kifi da ƴaƴan kifi suka saba shigowa.

Mutane da yawa suna zaton sanyi ne ke fara kashe kifi. A'a, numfashi ne. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke cikin ruwa, kuma ba ta da yawa: kimanin miligiram 9 a lita ɗaya idan ruwa yana kan digiri 20, ta ragu zuwa 7 da rabi a digiri 30. Kwarmin da aka cunkushe da kifi yana iya cinye wannan cikin ƴan awoyi idan injin ya tsaya. Babbar tarwaɗa tana da sauƙi, domin Allah ya hore mata wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sama da ita. Karfasa ba ta da wannan gata, haka ma ƴaƴan tarwaɗa na makonnin farko. Idan mai kiwo ya tarar da kifinsa da asuba sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, to kada ya jira Nijelek. Ya ɗauki bokiti ya riƙa ɗibar ruwan yana kwararo shi daga sama, ya huta, ya sake. Aiki ne mai gajiyarwa, amma ya ceci kifi da yawa. Wanda ke da hali ya tanadi ƙaramin injin hura iska mai aiki da batirin mota, ko ya haɗa shi da allon hasken rana. Mai janareto kuwa ya ajiye shi nesa da ɗakin ƙyanƙyasa, saboda hayaƙi.

Sai maganar ci. Nan ne tausayi ke jawo hasara. Kifin da ya ƙoshi ya fi buƙatar iska, kashinsa da ragowar abinci kuma suna sakin guba mai suna amoniya, wadda ƙwayoyin halitta na cikin matata ke karyawa muddin ruwa na gudana. Da ruwa ya tsaya, su ma sai su fara mutuwa. Don haka ranar da babu wuta a daina ba da abinci. Babban kifi yana yin kwana biyu ko uku bai ci ba, babu abin da zai same shi.

Sanyi shi ne abokin gaba na biyu, mai kisan mummuƙe. A Disamba da Janairu daren Maraɗi yakan sauko ƙasa da digiri 15, tarwaɗa da karfasa kuwa sun fi son 26 zuwa 30. Ƙasa da 20 karfasa takan rage ci, wajen digiri 11 ta fara mutuwa. Tafki mai faɗi yana jinkirin hucewa, amma kwarmi mai tsayin gwiwa kafin asuba ya yi ƙarara. Maganinsa yana cikin gida: a kewaye kwarmin da zana ta gefen gabas da arewa inda iska ke bugowa, a rufe shi da leda ko tabarma da magariba tare da barin kafar iska, a ƙara zurfin ruwa. Ruwan rijiya da na fanfon burtsatse sun fi na kwarmi ɗumi da sassafe, sai a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan. Tafasasshen ruwa kam kada a kuskura, domin canjin farat ɗaya ya fi sanyin kansa illa.

Ba talakan Sahel kaɗai wannan matsala ke samu ba. A Fabrairun 2021 wani matsanancin sanyi ya kashe wutar miliyoyin gidaje a jihar Tekzas ta Amurka, inda mutane ke ajiye kifin teku na ado cikin akwatunan gilashi. Nasu ya fi wuya, don ruwan gishiri yana riƙe iska ƙasa da ruwan daɗi da wajen kashi ɗaya cikin biyar, kifin kuma yana son digiri 24 zuwa 26. Abin da masu kiwon can suka koma yi shi ne lulluɓe gilashin da bargo, da jefa gorunan ruwan ɗumi a ciki, da motsa ruwa da hannu dare da rana. A bakin tekun jihar kuwa, inda babu mai lulluɓewa, hukuma ta ƙiyasta kifi aƙalla miliyan 3.8 ne sanyin ya kashe.