Yadda Ake Horar da Masu Binciken Ƙwayoyin Tushe

A jikin ɗan'adam akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama fata ko jini ko tsoka ba, amma suna iya rikiɗa su zama ɗaya daga cikinsu, suna kuma hayayyafa su sabunta kansu. Su ake kira ƙwayoyin tushe. Waɗanda ke cikin ɓargo, alal misali, su ke samar mana da sabon jini kullum. Shi ya sa dashen ɓargo ke iya raba mutum da cutar sikila, kamar yadda aka fara yi a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

In an sami nasara a wannan fage, sunan farfesa ake ji. Amma hannun da ya yi aikin galibi na ɗalibi ne, kuma kafin hannun ya faɗa sai an kwashe shekaru. Matakin farko shi ne digirin digirgir, wanda kan ci shekara uku zuwa huɗu a Ingila, biyar zuwa shida a Amurka. A nan ɗalibi ke ɗaukar tambaya guda ya bi ta har ƙarshe a ƙarƙashin malami. Da ya gama, sai ya koma wani ɗakin binciken, sau da yawa a wata ƙasa, ya ƙara wasu shekaru yana aiki a kan kwantiragi. Wannan horo na bayan digirgir ba ya kai mutum ga wani sabon digiri. Ya zama dakta, yana karɓar albashi, amma bai kai ga tsayawa da ƙafarsa ba. Kamar yaron maƙeri ne da ya iya zuga da dukan ƙarfe, sai ya tafi wata maƙera ya ga yadda wasu ke yi kafin ya buɗe tasa.

Abin da ake koya ba duka ke cikin littafi ba. Ana rainon ƙwayoyin ne a ƙananan farantan roba, cikin akwati mai ɗumin ma'auni 37, daidai da ɗumin jikin mutum. Da yawansu kusan kullum sai an sauya musu ruwan abincinsu, ba ruwansu da Lahadi ko ranar sallah. Ɗalibi zai sa safar hannu, ya goge komai da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ya zuƙe tsohon ruwan a hankali, ya zuba sabo ta gefen farantin don kada ya ɗaye su. Daga nan ya leƙa madubin ƙara girma. Idon da ya goge kan gane daga gefen curin ƙwayoyin cewa sun fara rikiɗa ba da izini ba. Sabon shiga kuwa zai ga komai lafiya lau. Sakaci na minti ɗaya na iya shigar da baktiriya, aikin wata uku ya bi ruwa.

Tarihin fagen ma na almajirai ne. John Gurdon yana ɗalibin digirgir a Oksfod ya fara gwajin da ya nuna cewa ana iya samar da kwaɗo daga ƙwayar da ta riga ta zama ta hanji. Shinya Yamanaka na Japan likitan ƙashi ne da ya bar tiyata, ya yi digirgir a Osaka, ya tafi cibiyar Gladstone da ke San Faransisko a 1993 don horon bayan digirgir. Da ya kafa nasa ɗakin binciken, sai ya ware ƙwayoyin gado 24 da yake zaton za su iya mayar da ƙwayar fata zuwa ƙwayar tushe. Almajirinsa Kazutoshi Takahashi ya zuba su duka a lokaci guda, abin ya yi, sannan ya riƙa cire ɗaya bayan ɗaya har aka gano cewa huɗu sun wadatar. An wallafa sakamakon a 2006 a kan ɓeraye, a 2007 a kan ƙwayoyin mutum, kuma a 2012 Gurdon da Yamanaka suka raba kyautar Nobel. Wannan hanya ta rage dogaro da ƙwayoyin da ake cirowa daga ɗan tayi, abin da malaman addini da 'yan siyasa suka daɗe suna jayayya a kansa.

A ganina, sashen horon da ya fi wuya shi ne riƙon gaskiya, domin matashin da kwantiraginsa ke gab da ƙarewa yana cikin matsin ya wallafa wani abu ko ta halin ƙaƙa. A watan Janairun 2014 wata matashiyar mai bincike a cibiyar RIKEN ta Japan, Haruko Obokata, ta wallafa a mujallar Nature cewa tsoma ƙwayoyi cikin ruwa mai ɗan tsami na mayar da su ƙwayoyin tushe. Wasu suka gwada, abin ya ƙi. Bincike ya gano an taɓa hotuna, aka janye rahoton a watan Yuli. Kafin nan, a Koriya ta Kudu, an kama Hwang Woo-suk da ƙirƙirar sakamako, har ta bayyana cewa wasu mata da ke aiki a ƙarƙashinsa sun ba da ƙwayayen haihuwarsu don binciken. Saboda irin wannan ne ake tilasta wa ɗalibai rubuta kowane gwaji da kwanan watansa, da neman yardar mutum a rubuce kafin a ɗebi jininsa ko fatarsa.

Duk wannan yana cin kuɗi. A 2004 masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince a kashe dala biliyan uku a kan wannan bincike, kuma tallafin farko da hukumar da aka kafa don haka ta raba na horar da matasa ne. A wajenmu, yawancin masu sha'awar fagen waje suke fita, dawowar kuma ita ce matsala, don ƙwayoyin ba sa jure ɗaukewar wuta, sinadaran kuma da dala ake sayo su. Amma an fara taɓukawa. A Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu akwai cibiyar BioRTC, wadda Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafa ta a 2021 bayan ya yi nasa horon a Jami'ar Sussex. Masu bincikenta, tare da abokan aiki na waje, sun samar da ƙwayoyin tushe irin na Yamanaka daga jikin ɗan Nijeriya, alhali yawancin waɗanda ake amfani da su a ɗakunan binciken duniya daga jikin Turawa aka samo su.