Rumbun bayanai a cikin gida: Yadda ake haɗa saba, da dalilin da ya sa batun ya wuce na fasaha kawai

A farkon watan Satumban 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su katse layukansu a Jihar Zamfara, a wani mataki da gwamnati ta ce na yaƙi da 'yan bindiga ne. Daga baya katsewar ta shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Watanni uku kafin nan, gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a Janairun 2022. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar manyan kebul na ƙarƙashin teku ta gurgunta intanet a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma.

Dalilan sun bambanta, amma darasin ɗaya ne. Duk wanda ya ajiye takardunsa da hotunansa da littattafan karatunsa a rumbun wani kamfani da ke Amurka ko Turai, ba zai kai gare su ba sai da yardar masu riƙe da hanya. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Shi ya sa batun haɗa ƙaramar cibiyar sadarwa da saba a gida ya shafi ɗan jarida, da ɗalibi, da ɗan gwagwarmayar da ke tattara shaidu, ba masu sha'awar kwamfuta kaɗai ba.

Mece ce saba?

Saba kwamfuta ce kamar kowace, sai dai aikinta shi ne ta zauna a kunne tana yi wa sauran na'urori hidima: ta adana fayil, ta miƙa shi idan an nema. Abin da kamfanoni ke kira ajiyar gajimare ba komai ba ne illa dubban irin waɗannan kwamfutoci a gine-ginen wasu. Google, alal misali, yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, daga nan sai biya, kuma tun Yunin 2021 ya daina ba da ajiyar hotuna marar iyaka.

Cibiyar sadarwar gida kuwa ita ce hanyar da ke haɗa wayoyi da kwamfutocin gidan da juna. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Wi-Fi daban, intanet daban. Ko da an katse layin waje, rauta na ci gaba da haɗa na'urorin da ke cikin gida. Wayarka za ta iya ɗauko bidiyo daga sabar da ke ɗakin kusa ba tare da ta ci ko sisin data ba.

A fara da wuta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen na'ura mai ƙarfi. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, lissafin farko na wuta ne. Ɗauke wuta ba zato, musamman lokacin da saba ke rubuta bayanai, na iya lalata fayiloli.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa guda. Idan irin na darma ne, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, wato wat 600. Rauta da ƙaramar saba da ke cin wat 25 a haɗe za su yi kusan awa 24 a kansa. Tsohuwar babbar kwamfutar tebur mai cin wat 100 kuwa za ta cinye shi cikin awa shida. Bambancin ke nan tsakanin sabar da ƙaramar sola za ta riƙe da wadda sai an tayar mata da janareta.

Saboda haka tsohuwar laftof na daga cikin zaɓi mafi dacewa ga mai farawa: ba ta cin wuta sosai, kuma batirinta na riƙe ta idan an ɗauke. Akwai kuma Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu da aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012, da ƙananan kwamfutocin ofis na hannu. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutoci da yawa da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba sun zama abin yarwa a wurin masu su, alhali lafiyarsu ƙalau idan aka ɗora musu Linux.

Sai a kula da zafi da ƙura. A ajiye na'urar inda iska ke ratsawa, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa share fankarta, musamman lokacin hunturu. Da damina kuma, a sa mata na'urar kariya daga hauhawar wuta.

Kebul kafin Wi-Fi

Intanet na shigowa gida ta rauta mai ɗaukar layin 4G ko 5G, ko ta kebul na fayiba a unguwannin da ya isa, ko ta Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Ko ta ina ya shigo, ƙa'idar cikin gida ba ta sauyawa: duk na'urar da ba ta motsi a haɗa ta da kebul. Saba ita ce ta farko.

Kebul nau'in Cat6 na ɗaukar gudun gigabit ɗaya har tsawon mita 100. A yi hattara da mai araha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe; yana saurin karyewa kuma ba ya kai bayanai da nisa yadda ya kamata. Idan ramukan rauta sun yi kaɗan, ana ƙara ƙaramar na'urar rarraba kebul mai rami biyar ko takwas.

Wi-Fi yana da manyan zango biyu. Na 2.4 ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso. Na 5 ya fi gudu amma bangon bulo da siminti na raunana shi da wuri. A gida mai zaure da sassa da yawa, ƙara ƙarfin rauta ɗaya ba ya magance matsalar. Abin da ke aiki shi ne a ja kebul zuwa ɗaya sashen, a kafa na'urar Wi-Fi ta biyu a can. Daga ƙarshe a ba sabar adireshi na dindindin a cikin saitin rauta, don kada sauran na'urori su riƙa neman ta suna rasawa.

Me za a ɗora mata?

Tushen shi ne Linux, kamar Debian ko Ubuntu Server, duka kyauta ne. A kansa ake ɗora manhajoji gwargwadon buƙata. Nextcloud na yin aikin adana fayiloli da hotuna daga waya. Jellyfin na tsara bidiyo da sauti. Pi-hole na tare yawancin tallace-tallace da masu bibiyar sawu kafin su iso na'urorin gida. Kiwix kuwa na ba da damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba, abin da zai amfani ɗalibai a gida ko makaranta.

Shawara ita ce a fara da hidima ɗaya, a saba da ita, sannan a ƙara. Idan lokacin faɗaɗawa ya zo, a fara gano inda matsalar take. Sau da yawa sauya tsohon faifan ajiya da na SSD, ko ƙara RAM, ya fi sayen sabuwar na'ura amfani.

Iyakokin da ya kamata a sani

Saba a gida ba ta dawo da intanet idan an katse shi. Abin da take yi shi ne ta bar maka abin da ka riga ka mallaka a hannunka.

Shiga sabar daga wajen gida ma yana da wahalarsa. Kamfanonin waya kan haɗa masu amfani da yawa a kan adireshin intanet guda, don haka ba za a iya ƙwanƙwasa ƙofar gidanka kai tsaye ba. Ana warware wannan da manhajoji irin su Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard. Wannan ya fi buɗe ƙofar sabar ga duniya aminci, domin akwai na'urorin masu kutse da ke yawo dare da rana suna neman ƙofofin da aka bari a buɗe. A sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, a ware wa baƙi nasu Wi-Fi, a riƙa sabunta manhajoji.

Babban haɗari shi ne na ɗauka cewa an tsira. Faifai na mutuwa, gobara na tashi, ɓarawo na shiga, kuma na'urar da ke ɗaki ana iya ɗauke ta ɗungurungum. Ga mai riƙe da shaidun da suka shafi rayukan wasu, kamar sunayen majiyoyi ko bidiyon cin zarafi, wajibi ne ya kulle faifan da mabuɗin sirri, yadda ko an ɗauke shi ba za a iya karanta shi ba. Sannan ya bi ƙa'idar da masana ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Faifai biyu masu kwafar juna a cikin na'ura ɗaya ba su cika wannan sharaɗi ba, domin abin da aka goge bisa kuskure a ɗaya, ya tafi a ɗayan.

Najeriya ta samu Dokar Kare Bayanai a 2023, kuma matasa na da hujjar ci gaba da matsa lamba a aiwatar da ita, tare da neman a daina katse sadarwa ba tare da bayani ba. Amma kafin doka ta yi aikinta, akwai abin da mutum zai iya yi da tsohuwar laftof, da kebul ɗaya, da faifan ajiya na biyu da zai kai gidan ɗan'uwansa. Wanda ya yi hakan, ranar da aka sake katse layi, takardunsa na nan inda ya ajiye su.