Yawon buɗe ido a Chadi: kaya na nan, masu kallo ne ƙalilan

Duk wanda ya ce Chadi ba ta da abin nuna wa baƙo bai san ƙasar ba. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya tafkunan Ounianga guda 18, da ke tsakiyar Sahara, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A 2016 duwatsun Ennedi suka bi sahu. A can ne kwarin Archei yake, inda raƙuma ke shan ruwa kusa da 'yan kadojin da suka rage a hamada.

Labarin da ya fi daɗi shi ne na gandun dajin Zakouma, a kudu maso gabas, wanda aka kafa a 1963. A farkon shekarun 2000 giwayensa sun haura 4,000, amma masu farautar haure suka yi musu ta'asa har suka koma ƙasa da 500 a 2010. A shekarar ne gwamnati ta damƙa kula da dajin ga ƙungiyar African Parks. Kisan ya ragu ƙwarai, giwaye suka koma haihuwa, yanzu sun wuce 600. Ba komai ya tafi daidai ba: cikin karkanda 6 da aka kawo daga Afirka ta Kudu a 2018, 4 sun mutu a 'yan watanni.

To me ya hana mutane zuwa? Nisa da tsada ne a gaba. Daga N'Djamena zuwa Zakouma wajen kilomita 800 ne, kuma da damina ruwa kan malale dajin, a rufe shi sai rani. Ennedi kuwa tafiyar kwanaki ce a motar da ke iya yashi, da jagora, da guzurin mai da ruwa. Ga kuma tsaro. Hare-haren Boko Haram a N'Djamena a 2015, rikicin yankin tafkin Chadi, da yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 sun sa ƙasashen Turai na gargaɗin mutanensu. Gargaɗi ɗaya ya isa ya bar jagora da direba da mai dafa abinci ba aiki har ƙarshen rani.

A ganina, matsalar ita ce an gina harkar kan baƙon nesa mai kuɗi, wanda ko ƙaramin labari ke korarsa. Na kusa an manta da shi. Na taɓa tambayar ɗalibaina wa ya je Gaoui, ƙauyen Kotoko mai tsohon gidan sarki na laka da tukwanen mutanen Sao, kimanin kilomita 10 daga gari. Hannu biyu kawai na gani. Toumaï ma, ƙoƙon kan da aka tsinta a hamadar Djourab a 2001, mai shekara kusan miliyan 7, sun fi saninsa a matsayin sunan shago.

Mu Hausawa ba baƙin wannan hanya ba ne. Kakanninmu sun ratsa Fort-Lamy da Abeche a ƙasa zuwa Makka, wasu suka zauna. Yau ma 'yan kasuwa daga Kano, Maiduguri da Maroua na tsallako gadar Ngueli daga Kousseri kullum, su sauke kaya su juya. Bikin Dary da ake yi a N'Djamena tun 2018 ya nuna cewa jama'a na fitowa kallon rawa da abincin lardunan ƙasar idan abin na kusa kuma aljihu zai iya. Mota guda da za ta riƙa tashi daga babbar kasuwa zuwa Gaoui kowace Asabar, da jagora mai jin Hausa da Larabci, ba ta buƙatar jiran kowane ofishin jakadanci.