Farfesa Olopade: Matar da ta nuna sankarar mama ba iri ɗaya ba ce



Kwanakin baya wani dattijo ya shigo shagon magani da nake aiki a nan Potiskum, riƙe da kwalin Tamoxifen da babu komai a ciki. Ya ce, "'Yata, irin wannan nake so." Maƙwabciyarsu ce ta sha ta samu sauƙi, shi ne yake so ya saya wa maiɗakinsa, wadda ta ji ƙari a mamanta. Na ce, "Baba, an yi mata gwaji?" Ya ce a'a. Ban sayar masa ba. Dalilina yana da alaƙa da aikin wata 'yar Najeriya da ta shafe fiye da shekara 30 tana nazarin ƙwayoyin wannan cuta.

Sunanta Farfesa Olufunmilayo Olopade. An haife ta a 1957, ta kammala karatun likita a Jami'ar Ibadan a 1980, sannan ta tafi birnin Chicago na Amurka. A Jami'ar Chicago ta yi aiki ƙarƙashin Janet Rowley, masaniyar da ta nuna cewa sauye-sauye a ƙwayoyin gado suna haddasa sankarar jini. A 1992 Olopade ta buɗe asibitin da ke duba iyalan da sankara ke bin zuriyarsu.

Abin da ya dame ta shi ne yadda cutar ke kama baƙaƙen mata da ƙuruciya, kuma ta zo musu da zafi, alhali yawancin bayanan da likitoci ke dogaro da su daga Turawa aka samo su. Sai ta waiwayo gida, ita da abokan aikinta na Ibadan suka fara binciken sankarar mama a 1998.

A 2009 suka fitar da sakamakon duba tsokar mata fiye da 500 daga Najeriya da Senegal. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai sankararsu ke dogaro da sinadarin mata na istirojin wajen girma, saɓanin matan Turawa da mafi yawansu irin wannan ce ke kama su. To, Tamoxifen aikinsa toshe wa wannan sinadari hanya. Idan sankarar ba ta dogara da shi ba, ko mace ta shekara tana sha, kuɗi ne ke tafiya, cutar kuma tana yaɗuwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna adadin yana bambanta daga wuri zuwa wuri, har yadda aka adana tsokar ma yana shafar sakamako. Darasin dai bai sauya ba: sai an gwada ake sanin irin da mace ke ɗauke da shi.

A 2018 kuma tawagarta ta bincika mata sama da 1,100 masu cutar a Ibadan, ta gano kusan ɗaya cikin takwas gadon ta suka yi, galibi ta ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 da BRCA2. Wannan gado yana iya zuwa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Don haka idan goggo ko inna ko yaya ta taɓa yin sankarar mama ko ta ƙwan mace, musamman da ƙuruciya, a sanar da likita.

Aikin nata ya jawo mata lambar yabo ta MacArthur a 2005, kuma a 2011 Shugaba Obama ya naɗa ta cikin kwamitin ba da shawara kan sankara na Amurka. Ta kuma horar da likitoci da masu bincike 'yan Najeriya da dama.

Mu a nan me ya rage mana? Duk matar da ta ji ƙari, ko ta ga fatar mama ta lotsa, ko jini na fita daga kansa, ta je asibiti a makon. Ba kowane ƙari ne sankara ba, amma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Kada a tsaga, kada a shafa magani ana jira ya fashe. Likita zai sa a ɗebi ɗan tsoka a gwada, sai ku tambaya ko an duba irin sankarar. Ana tura marasa lafiya asibitocin koyarwa na Damaturu, Gombe ko Maiduguri. Maza kuma ku saukaka izini da kuɗin mota.

Dattijon nan ya karɓi kwalinsa, ya ce zai kai ta asibiti ranar Litinin. Allah Ya ba ta lafiya, da sauran marasa lafiyarmu baki ɗaya.